CIWON DAJIN ƘASHI DA NA TSOKA: KUMBURIN DA BA A YI MASA JIRA

Gabatarwa

A ƙasarmu ta Birnin Kudu da Gwaram, in ƙashi ya sami matsala kowa ya san inda ake dosa. Wanda ya faɗo daga kan mangwaro, da wanda babur ya kayar a hanyar kasuwar Babaldu ko ta Sara, da ɗalibin da ya yi targaɗe a filin ƙwallo, duk gidan mai ɗori akan fara kai su. Haka muka tashi muka tarar, kuma babu mai musun cewa mutane da yawa sun miƙe a hannun masu wannan sana'a.

Amma akwai wani ciwo da yakan zo da kamannin targaɗe alhali kuwa ba targaɗe ba ne. Yakan fara da ɗan zogi a gwiwa, sannan kumburi ya biyo baya. A ɗaure, a shafa, a tsaga, a jira. Wata uku, wata shida, ƙafa ta zama kamar turmi. Sa'ad da za a kai yaron asibiti, likita ba shi da sauran zaɓi mai yawa. Wannan ciwo shi ne dajin ƙashi, kuma abin da ya sa muka ga ya cancanci shiga littafin makarantarmu shi ne, ya fi kama waɗanda ke tsakanin shekara 10 zuwa 20, wato tsaran ɗalibanmu.

Ba mu rubuta wannan don mu tsorata kowa ba. Ciwon ba shi da yawa. A duniya, irinsa da ya fi kama matasa yakan sami kimanin mutum 3 zuwa 5 ne cikin miliyan ɗaya a shekara. Sai dai ga gidan da ya faɗa wa, 'yan makonnin farko su ne ke yanke hukunci a kan ƙafa, wani lokaci ma a kan rai.

Mene ne ƙari, mene ne kuma daji?

Kamar yadda muke koyarwa a darasin kimiyya, jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Suna rarrabuwa su yi yawa sa'ad da jiki ke bukata, su kuma tsaya in aikin ya cika. Ƙashi ma rayayye ne. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206, kowanne da jijiyoyin jininsa, kullum kuma ana rushe tsohon ɓangare ana gina sabo.

Wani lokaci wasu ƙwayoyin sukan daina jin umarnin tsayawa, su yi ta hayayyafa har su tara dunƙule. Wannan dunƙulen shi muke kira ƙari. Ƙari iri biyu ne. Akwai mai zama wuri ɗaya, yana girma a hankali, ba ya ƙaura zuwa wani sashen jiki. Akwai kuma mugu, mai cin naman da ke kewaye da shi, yana aika 'ya'yansa ta hanyar jini su je su kafa sabon gida a wani wuri. Wannan na biyun shi ne daji, wanda waɗansu ke kira sankara. Dajin da ya samo asali daga ƙashi, ko guringuntsi, ko tsoka, ko kitse, likitoci suna kiransa sakoma.

Ya kamata mu kawar da waɗansu zato tun daga nan. Daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko wanke wa majiyyaci kaya. Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma alhakin wani ne ya kama iyaye ba. Haka nan faɗuwa ko bugun ƙwallo ba sa haddasa shi. Abin da yakan faru shi ne, ciwon yana nan a ɓoye, sai bugun ya sa hankali ya kai wurin.

Ire-iren ƙarin ƙashi

Yawancin ƙarin da ke fitowa a ƙashin yara ba daji ba ne. Akwai wanda yakan tsiro kamar ƙaho kusa da gwiwa, mai tauri, mara zafi, ya daina girma in yaro ya gama tsawo. Akwai mai kama da rami cike da ruwa a cikin ƙashi. Akwai kuma wani da yakan kama masu shekara 20 zuwa 40 a bakin gaɓa, yana cin ƙashi sosai, amma ba kasafai yake yaɗuwa ba. Irin waɗannan ko dai a sa musu ido kawai, ko a kankare su ta tiyata a cike gurbin.

Miyagun kuwa ga manyansu:

1. Ostiyosakoma. Shi ne ya fi yawa a matasa. Yana son wuraren da ƙashi ke saurin tsawo, wato ƙarshen ƙashin cinya da farkon ƙashin ƙwauri, duka a kewayen gwiwa, sai kuma saman ƙashin dantse kusa da kafaɗa. Shi ya sa yakan zo daidai shekarun da yaro ke miƙewa. Ya ɗan fi kama maza a kan mata.

2. Sakomar Ewing. An sa mata sunan wani likitan Amurka, James Ewing, wanda ya bayyana ta a shekarar 1921. Tana kama yara da matasa, a tsakiyar dogayen ƙasusuwa, ko ƙugu, ko haƙarƙari. Takan zo da zazzaɓi, har a ɗauka maruru ne a ƙashi.

3. Dajin guringuntsi. Wannan na manya ne, galibi waɗanda suka haura shekara 40. Yana girma a hankali, sau da yawa a ƙugu ko kafaɗa.

4. Dajin da ya zo baƙunta. A wurin dattawa, wannan ya fi duk sauran yawa. Ciwon yakan fara ne a nono, ko mafitsarar maza ta ƙarƙashin mara da ake kira furostet, ko huhu, ko ƙoda, ko maƙoshi, daga baya ya sauka a ƙashin baya ko na ƙugu. Saboda haka uwar da aka taɓa yi wa maganin dajin nono, in ta fara kukan ciwon baya mai naci, kada a ce tsufa ne kawai ko wahalar daka.

Ƙarin tsoka da kitse

Da yawa daga cikinmu muna da wani ɗan ƙulli a wuya, ko a baya, ko a hannu, mai laushi, yana motsi in an taɓa, shekara da shekaru bai canja ba. Galibi tarin kitse ne, ba ya cutarwa. Likitoci sun ƙiyasta cewa ƙarin tsoka mara cutarwa ya ninka mugun aƙalla sau 100. Amma mugun yana nan, kuma abin da ke yaudarar mutane shi ne, sau da yawa ba ya zafi da fari. Mutum ya ce, "Ai ba ya damuna," ya ci gaba da nomansa.

Ga abubuwa huɗu da likitoci ke dubawa a ƙullin tsoka: in girmansa ya kai santimita 5, wato kamar ƙwan kaza, in yana ƙaruwa, in yana can ciki ƙarƙashin tsoka ba a saman fata ba, in kuma an taɓa cire shi ya dawo. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a je asibiti.

Akwai kuma gyambo. Gyambon da ya yi shekaru bai warke ba, ko tsohon tabon ƙuna da ya sake buɗewa, yana iya rikiɗa ya zama dajin fata, har ya ci ya kai ga ƙashi. In bakin gyambo ya fara tudu, yana wari, yana zubar da jini da an taɓa shi, a kai shi a duba.

Alamomin da za mu lura da su

Ya ku ɗalibai, ku ne za ku fara jin abin a jikinku, ku ne kuma kuke kwana ɗaki ɗaya da abokanku. Ga alamomin:

Na ɗaya, zogi a ƙashi wuri ɗaya, wanda ya wuce mako 3 ko 4 bai lafa ba. Targaɗe yana sauƙi kullum. Wannan kuwa ƙaruwa yake yi.

Na biyu, zogin dare. Ciwon gajiya yakan kwanta in mai shi ya kwanta. Zogin da ke ta da yaro daga barci, ko ya hana shi runtsawa alhali ba ya motsi, abin dubawa ne.

Na uku, kumburi mai tauri kusa da gaɓa, wani lokaci da ɗumi, jijiyoyi sun fito raɗau a kan fata.

Na huɗu, ɗingishi ba dalili, ko gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa kamar da.

Na biyar, karaya ba tare da wani bugun kirki ba. Saurayi lafiyayye ba ya karyewa don ya sauko daga gado ko ya taka dakali. In haka ta faru, akwai abin da ya riga ya cinye ƙashin daga ciki.

Rama da kasala da tari sukan zo ne daga baya. Kada a jira su.

Ba duk mai waɗannan alamomi ne ke da daji ba. A yankinmu akwai cututtuka da suka fi shi yawa nesa ba kusa ba, masu kama da shi. Akwai sikila, wadda iyayenmu ke kira amosanin jini, mai sa ciwon ƙashi. Akwai ƙwayoyin cuta da ke shiga ɓargo su tara mugunya. Akwai tarin fuka, wanda yakan bar huhu ya kama ƙashin baya ko gaɓa. Kowannensu da maganinsa dabam, kuma ido kaɗai ba ya rarrabe su, ko da idon likita ne. Abin da ke fara rarrabewa shi ne hoto.

Me ya sa ɗori da tsaga ba su dace da wannan ciwo ba?

Mai ɗori gwani ne a kan ƙashin da ya karye yana lafiyayye. Irin wannan ƙashi, in an daidaita shi an hana shi motsi, da kansa yake haɗewa. Amma ƙashin da daji ya ci ba shi da ƙarfin haɗewa. Murza da ja suna iya karya shi, karayar kuma ta watsa ciwon cikin tsokar da ke kewaye. Ɗauri mai tsanani da karare a kan kumburin da ke ƙaruwa yana iya tare jini, ƙafa ta mutu.

Haka batun wanzami. Tsaga da ƙaho da sakiya an san su ne a kan abin da ake zaton mugunya ce ko mataccen jini. Daji kuwa ba ruwa ba ne da za a zubar. Tsoka ce cike da jijiyoyin jini. In an huda shi yakan yi ta zubar jini, bakin ya ƙi rufuwa, ƙwayoyin cuta su shiga, ciwon ya fasa fata ya fito waje. Daga nan aikin da likita zai iya yi don ceton ƙafar ya ƙara wuya ƙwarai.

Mafi girman asara kuwa ita ce ta lokaci. Mu ɗauki misalin yaro ɗan aji uku da gwiwarsa ta fara ciwo da kaka. Wata ɗaya ana sayen ƙwayar rage zafi a kemis. Wata biyu a gidan ɗori. Wata biyu ana jiƙe-jiƙe da turare. Sannan a ce bari a sayar da amfanin gona tukuna. Kafin damina ta kewayo, ciwon ya yi wata 8 yana tafiya, shi kuwa ba ya hutu. Likitocin ƙashi na ƙasar nan sun daɗe suna kokawa a kan cewa yawancin masu wannan ciwo sukan iso gare su ne a makare.

Roƙonmu ga iyayenmu masu ɗori da wanzamai, cikin girmamawa, shi ne: in aka kawo muku kumburin da ba faɗuwa ce ta jawo shi ba, ko wanda ya ƙi sauka bayan makonni, ku ce a je a ɗauko hoto tukuna. Wannan ba zai rage muku daraja ba. Ƙara ta zai yi.

Hanyar asibiti, mataki bayan mataki

Mataki na farko shi ne asibitin da ya fi kusa, ko a Gwaram ko a Birnin Kudu. Mu a nan mun yi sa'a, domin muna da Asibitin Tarayya na Birnin Kudu a ƙofarmu. A gaya wa likita gaskiya duka: yaushe ciwon ya fara, ko yana hana barci, da abin da aka riga aka yi a gida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. A roƙi a ɗauki hoton ƙashin. Wannan hoto, wanda wani masanin Jamus mai suna Wilhelm Röntgen ya gano hanyarsa a 1895, har yau shi ne gwajin farko, kuma kuɗinsa bai kai na wata guda ana yawon neman magani ba.

Mataki na biyu, in hoton ya nuna abin shakka, za a ba da takardar turawa zuwa wurin ƙwararru. Mafi shahara gare mu shi ne Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, ɗan'uwan na Igbobi a Legas da na Inugu. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kusa da Zariya. Daga Birnin Kudu, ta Wudil, wanda ya yi sammako zai isa Kano da hantsi. A tafi da takardar da hoton da duk sakamakon gwaji, a cikin leda ɗaya.

Mataki na uku shi ne ƙarin hotuna. Na'urar MRI tana nuna iyakar inda ciwon ya kai cikin ɓargo da tsoka, da kusancinsa da manyan jijiyoyi. Sannan a ɗauki hoton ƙirji, in da hali da na'urar CT. Iyaye sukan yi mamaki, su ce ƙafa ce ke ciwo, me ya kawo ƙirji? Dalili shi ne, huhu ne wurin da sakoma ta fi zuwa in ta tashi yaɗuwa.

Mataki na huɗu shi ne ɗibar ɗan yanki daga ƙarin, da allura ko da ƙaramar tiyata, a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita. Wannan ne kaɗai ke tabbatar da sunan ciwon. Sakamakon yakan ɗauki kwanaki ko 'yan makonni. Akwai ƙa'ida muhimmiya a nan: ya fi kyau a yi wannan ɗiba a asibitin da za a yi babbar tiyatar, domin hanyar da allura ko wuƙa ta bi dole a cire ta tare da ciwon daga baya. Kada a yarda wani ya "ɗan cire ƙullin" a wani ƙaramin ɗaki ba tare da hoto ba. Kuma duk ƙarin da aka cire, a tabbatar an kai shi gwaji, ba a jefar ba.

Yadda ake magani

Makamai uku ne, kuma yawanci haɗa su ake yi.

Na farko, magungunan kashe daji da ake bayarwa ta ƙarin ruwa, waɗanda ake kira kemo. A ostiyosakoma akan ba da su kimanin mako 10 kafin tiyata, a ci gaba bayanta, duka aikin ya ɗauki wata 7 ko fiye. Suna da wahala: amai, kasala, zubewar gashi, da raunin jini. Amma gashi yana dawowa. Amfaninsu shi ne bin ƙananan 'ya'yan ciwon da suka riga suka shiga jini, waɗanda hoto ba ya iya gani.

Na biyu, tiyata. Likita yana cire ciwon ne tare da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, kamar yadda manomi ke tuge ƙuduji da saiwarsa. In an zo da wuri, ana iya cire ɓangaren ƙashin kawai, a maye gurbinsa da gaɓar ƙarfe, ko da wani ƙashi da aka ɗauko daga jikin mutumin, a bar masa ƙafarsa.

Na uku, gasa ciwon da haske mai ƙarfi daga na'ura. Wannan dabam yake da gashin ƙashi da muka sani, wanda motsa gaɓoɓi ne bayan jinya. Hasken yana aiki sosai a sakomar Ewing da dajin tsoka, yana kuma rage zogin dajin da ya sauka a ƙashi, amma ostiyosakoma ba ta cika jin sa ba. Na'urorin ba su da yawa a ƙasar nan. Akwai cibiyoyi a wurare kamar Shika da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, amma a tambayi likita inda na'ura ke aiki a lokacin kafin a hau mota.

Tarihi ya nuna amfanin haɗa waɗannan makamai. Kafin shekarun 1970, yanke ƙafa kaɗai ake yi wa mai ostiyosakoma, kuma waɗanda ke tsira ba su wuce kashi 20 cikin 100 ba, domin ciwon yakan ɓullo a huhu daga baya. Da aka haɗa tiyata da kemo, waɗanda aka kama nasu kafin ya yaɗu, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 suna rayuwa. A ƙasashen da ake zuwa asibiti da wuri, mafi yawan marasa lafiyar ba a yanke musu ƙafa. In kuwa ciwon ya riga ya kai huhu, damar tsira takan ragu ƙwarai. Ciwo ɗaya ne, magani ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne ranar da aka iso.

Batun yanke ƙafa

Mu faɗi abin da ke zuciyar kowa. Abin da ke hana mutanenmu zuwa Dala ba nisa ba ne kaɗai. Tsoro ne. An ce duk wanda ya je can sai ya dawo da dungu. Sau da yawa iyali sukan ji likita ya ambaci yanka, su sa hannu a takarda su kwashe ɗansu su koma gida.

Mu duba lamarin da kyau. Mutane suna jinkiri don tsoron yanka. Jinkirin yana sa ciwon ya girma har ya naɗe jijiyoyi ya fasa fata, yadda babu abin yi sai yankan. Waɗanda suka ga haka sai tsoronsu ya ƙaru, su ma su yi jinkiri. Ashe ba asibiti ne ke jawo yankan ba, makara ce. Babu kuma likitan da zai yanke ƙafar mutum ba da yardarsa ko ta iyayensa ba. Zuwa a ɗauki hoto ba sa hannu a kan yanka ba ne.

In kuwa har ta kama dole, to, gara a rasa reshe da a rasa itacen duka. Akwai sashen yin ƙafar roba a Dala. Mai ƙafa ɗaya yana karatu, yana koyarwa, yana ɗinki, yana kasuwanci, yana aure ya haifi 'ya'ya. A Kanada an yi wani saurayi, Terry Fox, wanda aka yanke wa ƙafar dama a 1977 saboda ostiyosakoma, yana ɗan shekara 18. A 1980 ya ɗaura ƙafar roba ya kama gudu don tara kuɗin binciken daji, ya yi kilomita 5,373 cikin kwana 143. Abin da ya tsayar da shi ba rashin ƙafa ba ne. Ciwon ne ya ɓullo masa a huhu, ya rasu a 1981. Labarinsa ya koya mana abu biyu: dungu ba ƙarshen rayuwa ba ne, kuma abokin gāba na gaske shi ne yaɗuwar ciwon. Don haka ko bayan tiyata, dole a ƙarasa kemo, a kuma riƙa komawa ana duba ƙirji, da fari kamar duk wata 3, na tsawon shekaru.

Inda kuma ciwon ya fi ƙarfin magani, har yanzu da sauran aiki. Akwai magungunan kashe zogi masu ƙarfi a asibiti, akwai wankin ciwo, akwai zama kusa da majiyyaci. Ba daidai ba ne a bar mutum yana kuka dare da rana a ƙuryar ɗaki don an ce ba zai tashi ba.

Namu aikin

Jinyar daji tana cin kuɗi. Ga hoto, ga magani, ga jini, ga kuɗin mota, ga abincin mai jinya a Kano na watanni. Gidaje da yawa sukan fara su kasa ƙarasawa, maganin da aka katse a tsakiya kuwa asara biyu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da kowannenmu zai iya:

Ɗalibai, kada ku ɓoye ciwo don tsoron a cire ku daga 'yan ƙwallo ko a hana ku jarrabawa. In abokin ɗakinku yana nishi da dare yana riƙe da gwiwa, ku gaya wa malamin ɗakin kwana. In ɗayanku ya dawo da sanda ko da kai ba gashi, ku matsa masa wuri a benci, ku ba shi littattafanku ya kwafi abin da ya wuce shi. Waɗanda suka kai shekarun ba da jini, ku sani ana bukatarsa.

Malamai, musamman na wasanni da masu kula da ɗakin shan magani, mu riƙa rubuta ranar da ɗalibi ya fara kawo kuka. In ya dawo sau uku da ciwo a wuri ɗaya, man zafi ya gama nasa. A rubuta wa iyaye, a kai shi hoto.

Iyaye, ku tambayi likita sunan ciwon, da matakin da ya kai, da tsarin maganin, da kimanin kuɗinsa daga farko har ƙarshe, don ku yi shiri. Ku nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin. Ku kuma bincika yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na Jihar Jigawa tun ana lafiya.

'Yan'uwa a ikilisiya, da zumuntar mata da ta matasa, mun saba da baiko na musamman don gini da biki. Gidan da ke jinya a Kano ya fi bukata. Wanda ke da ɗan'uwa a birni ya nema musu masauki, matasa su taya su noma. Maƙwabcinmu ko wane addini yake bi, ciwon bai tambaye shi ba, mu ma kada mu tambaya. Mu yi wa mara lafiya addu'a, mu kuma raka shi tasha. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Kammalawa

In za mu manta da dukan sunayen da muka ambata, mu riƙe wannan: zogin ƙashi da ya wuce wata guda, ko mai hana barci, ko ƙullin da ya kai ƙwan kaza yana ƙaruwa, hoto ake fara yi masa kafin ɗori, kafin aska, kafin jiƙo. Sau da yawa hoton zai nuna ba komai, a dawo gida da kwanciyar rai. In kuwa da wani abu, an kama shi a lokacin da likita ke da abin yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu, ya kuma ba likitocinmu hikima.